Asabar Ɗin da Na Zaɓa

Ni da ƙanena sana'armu ɗaya ce, ko da yake duk faɗin Birnin Damagaram ba za ka sami mutum guda da zai yarda da wannan magana ba. Ni ina neman inda gas ke yoyo a firigo da kilim mai sanyaya ɗaki, a wata 'yar atiliye, wato shagon gyara, da ke bayan kasuwar Dole. Shi kuma yana neman inda iska ke yoyo a jikin wani inji a ƙasar Faransa, wanda suke kira tokamak. Ni da ruwan sabulu da soso nake aikina, shi da na'urar da ke shinshino abin da hanci ba ya ji. Amma in baƙi suka zo gaida Iya, mahaifiyarmu, ni "mai firigo" ne, shi kuwa "wanda ke wajen masu ƙera rana". Shekara da shekaru ina jin haka, kuma ban taɓa sabawa ba.

Injin nasu, in aka bi bayaninsa, ƙaton zobe ne na ƙarfe mai siffar gammo, wanda mutum ke iya shiga cikinsa a sunkuye. Sai su zuƙe iskar da ke ciki kaf, su saki ɗan gas, su zafafa shi har ya fi tsakiyar rana zafi, su riƙe shi da maganaɗisu don kada ya taɓa bango. Wutar takan yi 'yan sakanni, in ta yi nisa 'yan mintoci, ta mutu, su kuma su zauna su yi ta duban abin da na'urori suka rubuta. Burinsu wata rana a sami kuran, wato wutar lantarki, daga nan. A gidanmu ni kaɗai nake gane wannan bayani, kuma a nan gizo ke saƙar. A lise, wato babbar sakandare, ni ne na ɗaya a lissafi shekara uku a jere. Mahaifinmu ya rasu ana saura wata huɗu in yi bak, jarrabawar gama lise, na ajiye littafi na kama aiki. Ban ce an cuce ni ba. Dole wani ya tsaya, kuma ni ne babba. A zauren gidanmu na koya wa ƙanen nan nawa lissafi, da alli a kan daɓe, ina dungure masa kai in ya yi kuskure. Ya ci bak, ya sami burs, wato tallafin karatu waje, ya tafi. Na raka shi tasha ina ta dariya, na dawo gida na yi kwana biyu abinci bai wuce mini ba.

Duk Juma'a yakan aiko wa Iya saƙon murya a waya. Iya ba ta gane rabin abin da yake faɗa, amma duk wanda ya shigo sai ta kunna masa, har mai kawo ruwa. Daga saƙonnin nan unguwarmu ta san cewa shekarar injin kashi biyu ce, lokacin gyara da lokacin gwaji. In an kashe shi, sai su buɗe, su shiga da fararen kaya tun daga kai har ƙafa, su cire tubalan bangon da wuta ta cinye, su sa sababbi. Wata da watanni ana wannan. Sannan a rufe, a zuƙe iska, a gasa bango, a bi kowace mahaɗa a ga ko tana yoyo, wanda shi ne aikin ƙanena. Daga nan a yi makonni ana sanyaya maganaɗisu a hankali. Sai an gama duk wannan masana ke zuwa daga ƙasashe, kowa da ranar da aka yanka masa, kamar masu jiran ruwan rijiya ɗaya.

Ni kuwa duk sanda ya kira ni tambayata ɗaya ce: "To, malam, yau an kunna ƙwan fitila ko guda?" Ya yi dariya ya ce, "Tukuna, Yaya." Mutane su kwashe da dariya, su ce wasan wa da ƙane. Wallahi ba wasa nake ba. In bazara ta yi, aka ɗauke kuran, wurina ake rugowa. Mai kifi, mai ƙanƙara, mai farmasin da maganinsa zai lalace, duk ni suke tsarewa a rana ina kwance ƙarƙashin firigo, gumi na shiga mini ido. Ban taɓa jin an kunna wa kowa muryata ba.

Amma da injin ne kawai, da na haƙura. Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro 'yata ce.

Ita ce ta fari. A gidanmu, kamar sauran gidajen da suka fito daga Barno tun zamanin kakanni, kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ban taɓa kiran sunanta ba. Ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. In ta yi rashin lafiya, daga bakin ƙofa nake tambayar uwarta, "Yaya mai jikin?" Ranar sunanta Iya ta ɗauke ta ta ɗora a cinyar ƙanena, lokacin bai ma shiga lise ba, ta ce masa, "Ga 'yarka." Shi ya riƙa goya ta a keke yana kai ta kallon duwatsu, shi ya saya mata jakar lakwal ta farko ranar da aka sa ta boko, shi ke kiran sunanta da ƙarfi tun daga zaure. Ita kuma Tonton, wato baffa, take ce masa, da wata murya da ban taɓa jin ta yi mini magana da ita ba. Bayan ya tafi ma ba abin da ya canja. Ranar da ta gama makarantar jinya, shi ya riga ni sani, yana can bayan teku. Da aka tura ta aiki garin Dogo ta haɗu da wani malamin lakwal suka daidaita, shi ta fara gaya wa. Shi ya gaya wa Iya, Iya ta gaya wa maiɗakina, ni kuma maiɗakina ta gaya mini tana zuba mini miya. Ni da na yi tsaye a bakin likita ranar da aka haife ta, ni ne na huɗu a layi.

Da maganar aure ta tashi, babu wanda ya tambayi wa zai ba da ita. Uba ba ya ba da 'yarsa da bakinsa, ɗan'uwansa ke zama waliyyi, kuma ɗan'uwa ɗaya gare ni. Mutanen Dogo suka zo, dattawa uku masu mutunci, suka ce su dai a bari a kai gero rumbu, bayan nan duk Asabar ɗin da muka ba su sun karɓa. Iya ta ce to, sai a dubi aikin waliyyi, a sa rana inda zai sami konje, wato hutun aiki.

Washegari ya aiko mini da takardar tsarin aikinsu na shekara, ya bi ta da kira.

"Yaya, ka duba ta da kyau, kai ne za ka gane ta. Rawaya lokacin da inji yake a buɗe ne. Ja lokacina ne, neman yoyo, ko motsi ba na yi. Shuɗi ana sanyaya maganaɗisu, aikin wasu ne, sati uku ke nan ina da sarari. Kore kuma gwaji."

Na ce na gani.

"To ka dubi sati na biyu a cikin koren. Alhamis da Juma'a. Ka ga wani ɗan akwati?"

Na ƙara girman hoton. Ɗan akwati ne ƙarami, da haruffa biyu a ciki, farkon sunansa da na mahaifinmu.

Sai ya shiga ba ni labari. Duk shekarun nan gyara yake yi wasu su zo su yi gwaji. To ashe a gefe ya ƙera wani tubali nasa, mai 'yan na'urori a ciki da ke auna zafin da ke sauka a ƙasan zoben. Ya rubuta takardar neman a ba shi rana, kwamiti ya ƙi. Ya gyara ya sake kaiwa. A wannan karon an yarda, an dasa tubalin a cikin inji, an ba shi kwana biyu da za a kunna wuta yadda shi ya tsara, shi zai zauna a gaba yana cewa a ƙara ko a rage. Ya ce, "Shekara uku ina bin kwana biyun nan, Yaya. Ban gaya wa kowa ba sai kai, don kai ne ka san me ake nufi."

Na ce masa Allah ya sanya alheri, har da cewa mahaifinmu da yana raye da ya yi murna. Bakina ne kawai ke magana.

Na kai hoton aka buga mini shi a takarda mai launi. Da la'asar na shimfiɗa ta a kan wani mataccen firigo a atiliye, na ajiye kalandar bango a gefenta. Asabar uku suka faɗa cikin shuɗi, duk bayan an gama kaka, kowace ɗaya ta yi. Yatsana ya wuce su, ya gangara cikin kore, ya tsaya a Asabar ɗin da ke bin Alhamis da Juma'ar nan. Na yi lissafi, abin da na iya tun ina yaro. Daga inda yake jirgi biyu ne kafin Yamai, daga Yamai kuma kar ce, babbar motar haya, wuni guda cur kafin Damagaram. Wanda ya tashi aiki Juma'a da yamma, ko fiffike gare shi ba zai ga ɗaurin auren safiyar Asabar ba. Na daɗe ina kallon wurin. Ina so in ce Shaiɗan ne, amma ban ji muryar kowa ba sai tawa. Na ɗauki biro na zagaye ranar.

Iya na zaune a kan tabarma tana tsince wake na kai mata magana. Ta ce, "Ta dace da aikin ɗan'uwanka?"

Na ce, "Iya, takardar nan ko'ina cike take. Duk ranar da aka ɗauka sai ya nemi izini."

Ta karɓi takardar ta juya ta sama ta juya ta ƙasa, ta ce launukan sun yi kyau, ta miƙo mini. Na kai wa limamin unguwa ya ce rana ce mai kyau. Na aika Dogo da goro. Sai da na tabbata magana ta fita ta yadda ba ta komowa, sannan na kira ƙanena na ce masa surukai ne suka kafe a kan wannan rana, wai wani babbansu zai yi tafiya.

Sai ya ce, "Yaya, ka ga ɗan akwatin nan kuwa?"

"Na gani. To yaya zan yi da surukai? Tun ba a ɗaura ba mu fara ja da su?"

"Haka ne," in ji shi. "Wa zai tsaya waliyyi?"

Na ce akwai ɗan baffan mahaifinmu na Mirya. Tsoho ne, kunnensa ya yi nauyi, ko sunan yarinyar sai an tuna masa. Ƙanena ya ce Allah ya sa a yi lafiya, ya kashe waya.

In aka tambaye ni me na samu, babu. Ko ya zo ko bai zo ba, ni dai a bayan jama'a zan zauna in sunkuyar da kai, haka al'ada ta ce. Abin da nake so ƙarami ne kuma mummuna. Ina so a yi taro ɗaya a gidan nan Iya ta ɗaga kai ta duba ta ga ni kaɗai. Ina so 'yar nan, ko sau ɗaya, ta nemi Tonton ta rasa, ta ga wanda bai taɓa zuwa ko'ina ba.

Bayan kamar wata guda sai injin ya so ya ɓata mini shiri. Ƙanena ya kira ni da tsakar rana, ba a kan biki ba. Sun rufe zoben, sun zuƙe iska, amma allurar ta ƙi sauka inda ya kamata. Akwai yoyo, ɗan mitsitsi, kwana huɗu suna nema. Ya ce in sati ya cika ba su samu ba, duk tsarin zai matsa da mako biyu. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Ka ga in haka ta faru, kwana biyuna sun koma bayan biki, sai in zo. Kila injin ma yana son cin shinkafa."

Ni da na shekara goma sha ina yi wa injin nan ba'a, ranar sai ga ni ina yi masa fatan lafiya. Na ajiye abin da ke hannuna na ce ya gaya mini duk inda suka duba. Ya ce duk wata mahaɗa da aka kwance aka ɗaure a wannan gyaran sun bi ta, sau biyu ma.

Na ce, "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni ban ga injinku ba. Amma a aikina ba inda na gyara ne ke ba ni kunya ba. Inda na dafa don in kai ga wurin gyaran, nan ne. Ku bar sabon aiki, ku nemi tsohon bututun da wani ya jingina da shi ko ya taka."

Ya ce zai gwada. Kwana biyu bayan nan suka same shi, wani siririn tsohon bututu kusa da ƙofar shiga, inda aka riƙa jingina tsani wata da watanni. Suka gyara, allura ta sauka, tsari ya tsaya a inda yake. Ranar Juma'a saƙon da ya aiko wa Iya duk a kaina ne. Ya ce a taron safe, gaban manyansu, ya faɗa musu wansa ne na Damagaram ya ba da shawara, wanda ya koya masa lissafi. Iya ta kunna wa mai ruwa, ta kunna wa maƙwabta, ta kunna wa wata da ta zo aron turmi. Matar ta dube ni ta ce, "Ashe mai firigo ma ba baya ba." Na ji daɗi, Allah ya yafe mini, daɗin da na daɗe ban ji irinsa ba. Kuma ina jin daɗin ina sane da dalilin da ya sa na ba da shawarar.

Saura sati uku 'yata ta zo gida daga Dogo. Ta durƙusa a bakin ƙofar ɗakina ta gaishe ni, kanta a ƙasa, na amsa ina kallon bango kamar kullum. Ta ɗan jima a durƙushe, kamar mai son ƙara wata magana, sannan ta tashi. Da na dawo cin abincin rana maiɗakina ta ce, "'Yarka ta ce a tambaye ka, wai ranar nan ba ta matsuwa? Ko da sati ɗaya ne."

Na hau ta da faɗa. Na ce an raba goro, an gaya wa dangi na Zermu da na Dakusa, ni ba ƙaramin mutum ba ne da zan yi magana biyu, in Tonton ɗinta ya fi son injinsa wannan shi ya jiye. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Kai dai ka san abin da ke cikin takardar nan, mu ba mu sani ba." Ta ɗauke kwanon ta fita, ban ma gama ci ba.

Satin biki ya zo. Gida ya cika da mata, ana daka, ana turare, gwaggwannin da suka manta Barbarci duk shekara suka tuno shi suna yi wa amarya waƙa. Ni ne ɗaukar kujeru, ni ne neman rumfa, ni ne jawo waya daga gidan maƙwabci, ni ne aron gurup, injin ba da wuta, saboda kada a ɗauke kuran. Ranar Alhamis ina ta duban agogo. Nakan ce yanzu ya shiga ɗakin da suke zama, yanzu an kunna wutar farko, yanzu ana kallonsa yana ba da umarni. Hassadar kwana biyun nan ta ci ni, alhali ni na tabbatar masa da su. Na aika a ɗauko tsohon Mirya, aka sauke shi a ɗakin zaure, ya yi ta tambayar 'yar wa za a aurar.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ina tsaye a ƙofar gida ina nuna inda za a kafa rumfa, sai ga kabu-kabu ya tsaya. Mutum ya sauko da 'yar jaka ɗaya a kafaɗa, idanunsa sun yi ja, wandonsa duk ya yamutse saboda zaman kar. Sai da ya ce "Yaya" na yarda shi ne.

Kafin in amsa wata ta hango shi ta rangaɗa guɗa. Cikin gida ya ɗauka. Amaryar da aka ce ko tsakar gida kada ta taka, sai ga ta a zaure da lalle a ƙafa, mayafi na jan ƙasa, ta faɗa jikinsa tana kuka tana cewa Tonton, Tonton. Shi kuma yana kiran sunanta yana bubbuga bayanta. Ni ina tsaye da igiyar rumfa a hannu ina lissafi da baya. Wanda ya iso Damagaram Juma'a da azahar, tun Laraba ya bar can. Ko wutar farko bai gani ba.

Na ce masa sannu da hanya, na karɓi jakarsa.

Kada wani ya ɗauka kunya ce ta fara kama ni. Haushi ne. Iya ta riƙe hannunsa tana cewa ɗan halak, ɗan albarka, ya baro aikin Nasara ya zo don zumunci. Maƙwabta suka yi ta shigowa ganinsa. Aka yanka masa kazar da ni na sayo. Sati guda ina ɗaukar kujera bayana kamar ya karye, ba wanda ya ce mini sannu, shi kuwa daga saukowa daga babur ya zama uban biki. Na haƙa rami don a rasa shi, sai ramin ya ƙara masa tsawo.

Bai zo da babbar riga ba, tawa na ba shi, sabuwar da na ɗinka don ranar. Ni na sa ta Sallar bara.

Da safiyar Asabar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Ya zauna kusa da liman, cikin rigata, tsohon Mirya a gefensa yana gyangyaɗi. Ni ina can baya jikin bango. Wakilin ango ya nema sau uku, ƙanena ya amsa sau uku, yana faɗin sunanta da sunana a fili, ya ce ya ba da.

Bayan fatiha ana ta musabaha, ina zagayawa da faranti ina miƙa dabino. Babban dattijon Dogo ya kama hannun ƙanena da hannu biyu ya ce, "Mun ji an ce ranar nan ta matse ka a wurin aiki. Ai da an faɗa mana. Mu kowace Asabar aka ba mu karɓa za mu yi, wannan ma ita aka aiko mana muka ce to."

Tsakanina da su bai fi taku ɗaya ba. Ƙanena ya ce, "Babu komai, Alhaji, rana ta yi kyau." Ya miƙo hannu ya ɗauki dabino biyu a farantina, ya ba dattijon ɗaya. Bai dube ni ba.

Aka kai amarya Dogo da yamma. Washegari da hantsi gida ya yi tsit, mata na barcin gajiya, sai ni da shi a ƙofar gida muna tara kujeru muna ɗora wa mai amalanke. Mun yi sawu biyu. A na uku na kasa jurewa.

Na ce, "Wa ya yi maka gwajin?"

Ya ce, "Ba a yi wa mutum. In ba ka nan sai a ba na bayanka a layi."

"Tubalin fa?"

"Yana ciki. Za a yi ta kunna wuta a kansa, amma ba irin wadda na nema ba. In an buɗe a gyara na gaba za a cire shi, an riga an yi wa wasu alkawarin wurin."

"Sai yaushe ke nan?"

"Sai na sake rubutawa. In an karɓa, bayan gyara na gaba. Ko na bayansa."

Ya jera kujera biyar ya danna su. Ina jira ya zage ni. Da ya zage ni da na sami abin riƙewa, da na tuna masa wanda ya bar bak don shi, da mun yi ta ta ƙare. Sai ya goge hannunsa a wando, ya yi magana a hankali yadda mai amalanke ba zai ji ba.

"Yaya, da ka ce mini kada in zo, da ban zo ba. Kai ne babba, kuma 'yarka ce. Amma ba ka ce ba. Ka bar ni da ita a waya tana kuka, tana tambayata laifin me ta yi mini." Ya dafa kujerun. "Ban gaya wa Iya ba, ba kuwa zan gaya mata ba."

Na buɗe baki. Duk maganar da ta zo mini ta kare kai ce, na haɗiye ta. Har a wannan ma ya fi ni, kuma na ji haushin hakan a daidai lokacin da ya kamata in ji kunya kaɗai.

Ya sunkuya ya kama ƙafafun kujerun ya ce, "Kama can, Yaya, sun yi mini nauyi."

Na kama, muka ɗora, mai amalanke ya kaɗa jakinsa. Ranar Talata ya koma. An buɗe injin an rufe sau biyu tun daga lokacin, kwana biyun nasa ba a sake ba shi ba. Har ya hau kar ban ba shi haƙuri ba, kuma har yau ban ba shi ba.